Daga Makaranta Zuwa Wurin Aiki: Matsayin Matasa Naƙasassu a Ƙasar Kazaure



Duk wanda ya biyo hanyar Kano zuwa Daura, idan ya iso Kazaure, ba zai rasa ganin alamun manyan makarantu ba. Akwai Kwalejin Fasaha ta Tarayya mai sunan marigayi Sarkin Kazaure Hussaini Adamu, wadda ta soma a matsayin kwalejin jiha bayan an yanke Jigawa daga Jihar Kano a shekarar 1991, daga bisani Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta. Akwai makarantar koyon ilmin kwamfuta da aka buɗe a garin a zamanin Gwamna Saminu Turaki. A gabas kuma, a Babura, an kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a shekarar 2021. Ba kowane yanki na Arewa ne ya sami irin wannan rabo ba, watau a ce ɗan talaka na Roni ko Gwiwa yana iya yin karatu mai zurfi ba tare da ya yi nisa da gonar mahaifinsa ba.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba wani rukuni na matasan wannan yanki waɗanda kusancin makarantun bai amfane su sosai ba tukuna, watau makafi da kurame da guragu da sauran masu lalura irin tasu. A da ana ce musu naƙasassu. A yau hukumomi da gidajen rediyo sun fi son a ce masu buƙata ta musamman, kuma lalle akwai ladabi a cikin wannan canji, sai dai matakalar bene ba ta san an canja suna ba. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, yawancin waɗannan matasa ba a cikin aji suke faɗuwa ba. Suna faɗuwa ne a tsakani, lokacin da makaranta ɗaya ta sallame su, ta gaba kuwa ba ta san da zuwansu ba, da kuma lokacin da suka riƙe takardar shaida, babu wanda aka ɗora wa alhakin kai su ƙofar wurin aiki.

Ya kamata a fara da yadda Bahaushe ya tsara wannan al'amari tun kafin zuwan boko, domin akwai abin koyo a ciki, akwai kuma abin gudu. A manyan garuruwan ƙasar Hausa akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, kowannensu da fadawansa, kuma sarkin gari ya san da su. Idan yaro makaho ya tasa a ƙauye, iyayensa sun san wurin wanda za su kai shi. Can zai sami masauki da ubangida, ya koyi hanyoyin gari, ya koyi tufkar igiya, wadda ta daɗe tana cikin sana'o'in makafi. Wanda Allah ya ba kaifin ƙwaƙwalwa yakan haddace Alƙur'ani, ya zauna gaban malamai yana saurare har ya zama malami shi ma. Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙoƙin Imfiraji, makaho ne, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa saboda aikinsa. Malaman addini kuwa ba su taɓa rasa hujja ba, tun da sun san labarin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon sahabin da yake kiran salla, wanda aka sha bar wa riƙon Madina idan an fita. Kurame galibi ba su shiga bara ba. Noma da gini da ɗinki da dako suke yi kafaɗa da kafaɗa da kowa. Guragu da yawa sun riƙe gyaran takalma da ɗinkin hula da ƙaramin tebur a bakin kasuwa.

Aibin wannan tsari a bayyane yake. Mafi yawan hanyoyinsa bara suke ɓullewa, kuma ɗan jagoran da ke riƙe wa makaho sanda yaro ne wanda shi ma aka hana shi karatu, watau lalurar mutum ɗaya ta cinye ƙuruciyar mutum biyu. Amma yana da abu guda wanda tsarin zamani ya rasa: a ranar da yaro ya isa barin gida, akwai wani mutum sananne, mai suna da muƙami, wanda aka san shi zai karɓe shi.

Ilmin boko na naƙasassu ya shigo Arewa ta hannun 'yan mishan, waɗanda suka buɗe makarantar makafi a Gindiri a shekarar 1953. Gwamnati ba ta sa hannu sosai ba sai a shekarun 1970. A 1976 aka soma shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, a 1977 aka fito da Manufar Ilmi ta Ƙasa wadda ta keɓe babi guda kan ilmin musamman, a wannan shekarar kuma aka kafa kwalejin horar da malaman naƙasassu a garin Oyo. A cikin wannan zamani ne makarantar Tudun Maliki ta Kano ta samu, kuma a lokacin ƙasar Kazaure tana cikin Jihar Kano. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa 1981 suna shekarar naƙasassu. Bayan an ƙirƙiro Jigawa, jihar ta sami makarantar kurame a Haɗeja da ta makafi a Dutse. Jami'ar Bayero tana da sashen ilmin musamman, inda Farfesa Jibrin Isa Diso, wanda shi kansa makaho ne, ya kai matsayin farfesa. Duk wannan ci gaba ne na gaske. Sai dai idan an lura, kusan dukkan ƙoƙarin ya tafi ne wajen shigar da yaro makaranta. Batun inda zai nufa idan ya fito an bar wa iyaye da sa'a.

Domin a ga yadda abin yake, a ɗauka ga wani yaro a wani ƙauye na Gwiwa wanda sanƙarau ya kama yana ɗan shekara uku, ya tashi ba ya ji. Wannan ba baƙon abu ba ne a yankin da sanƙarau ke zagayowa da bazara, ga ƙyanda ita ma tana barin irin wannan tabo. Yaron zai tashi yana magana da mutanen gidansu da maganar hannu, wadda kuramen ƙasar Hausa suka gada kaka da kakanni. Harshe ne cikakke mai ƙa'idojinsa. Wata Bajamushiya mai suna Constanze Schmaling ta zauna da kuramen Kano ta yi nazarinsa, ta buga littafi a kansa a shekarar 2000. Idan aka yi dace aka kai yaron makarantar kurame, sai ya tarar da wata maganar hannun dabam, wadda asalinta daga Amurka take, ta yaɗu a makarantun Nijeriya tun daga aikin Andrew Foster, wani kurma Ba'amurke da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Sa'an nan kuma a ce ya rubuta jarrabawa da Turanci, harshen da bai taɓa jin ƙararsa ba ko sau ɗaya. Ke nan Turanci harshe na uku ne a wurinsa, ko na huɗu idan an lissafa Hausar da yake karantawa a leɓen mahaifiyarsa. Babbar makaranta kuwa, kafin a sassauta ƙa'idar a 2025, ba ta ɗaukar ɗalibi sai da kiredit biyar, har da Turanci da lissafi. Yaron da ya fi kowa iya zane da haɗa waya a ajinsu yana iya tsayawa cik a nan, ya koma ƙauye da harshen da babu mai jin sa a gidansu.

To, a ce ya tsallake, ya sami shiga kwaleji. Malami zai shigo ya juya wa aji baya yana rubutu a allo yana bayani, ɗalibai ɗari suna ji, shi yana kallon ƙeya. Idan babu tafinta, shekara biyu na difloma za su wuce yana kwafar littafin maƙwabcinsa. Tafinta kuwa ba ya samuwa a ranar da aka buƙace shi. Sai an sa shi cikin kasafin kuɗi tun shekarar da ta gabata, wanda ba zai yiwu ba sai kwalejin ta san cewa kurma yana tafe. Wannan sanarwa ita ce ba ta da mai yi.

Matsalar makaho ta sha bamban. Shi yana jin malami sarai, abin da ke ba shi wuya shi ne littafi da lissafi. Rubutun makafi na Burel, wanda Louis Braille ya ƙago a Faransa a shekarun 1820, ɗigo shida ne ake jujjuyawa, kuma yana ɗaukar lissafi da kimiyya idan an sami malamin da ya san alamominsu. Irin wannan malami ya yi ƙaranci, saboda haka an daɗe ana karkata makafi zuwa darussan da ba su da lissafi, ko suna so ko ba sa so. A wajen jarrabawar shiga manyan makarantu an sami sauƙi: a shekarar 2017 hukumar JAMB, ƙarƙashin Farfesa Ishaq Oloyede, ta kafa wani kwamiti na musamman da Farfesa Peter Okebukola ya shugabanta, wanda ke tara makafi a wasu cibiyoyi kaɗan, har da ta Kano, a yi musu jarrabawa ta hanyar da ta dace da su. Amma dole ne tun wajen rajista a nuna cewa ɗalibin makaho ne. Idan mai shagon kwamfutar da ya cika masa fom bai san wannan ba, shekara guda ta tafi a banza.

A nan ne ya kamata garin Kazaure ya fi sauran wurare. Tun shekarar 2006 akwai wata manhaja mai suna NVDA, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostareliya suka ƙirƙira, tana karanta wa makaho duk abin da ke fuskar kwamfuta, kuma kyauta ake samun ta. Wayoyin hannu na zamani ma suna zuwa da irin wannan murya a cikinsu. Makahon da ya iya wannan yana iya buga wasiƙa, ya riƙe rajista, ya yi aikin akawu a kowane ofis. Garin da ke alfahari da makarantar kwamfuta sama da shekara ashirin bai kamata a ce makahon ƙasarsa sai ya je Kano ko Kaduna kafin ya sami mai nuna masa wannan ba. Aji ɗaya da hutun dogon zango ɗaya sun isa a fara.

Gurgu shi ne wanda lalurarsa ta fi sauƙin magani, kuma shi ne aka fi mantawa da shi, domin yana gani yana ji, ana ɗauka ba ya buƙatar kome. An tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Afirka a watan Agusta na 2020, amma yaran da cutar ta taɓa a farkon shekarun 2000, lokacin da ta yi tsanani a Kano da kewaye, su ne samari da 'yan matan yau masu neman kwaleji da aiki. Ga kuma waɗanda haɗarin babur ke ƙarawa kullum. Abin da ke tsakanin irin wannan saurayi da difloma sau da yawa bai wuce matakala goma sha biyar zuwa ɗakin gwaje-gwaje ba, da makewayin da keke ba ya shiga, da yashin da ke tsakanin ɗakin kwana da aji. Magatakardan da ya san da zuwansa yana iya sauko da ajin ƙasa da alƙalami kawai, ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Game da 'ya'ya mata, duk abin da aka faɗa sai a ninka shi. Uban da ke Roni wanda zai yarda ya tura ɗansa kurma makarantar kwana a Haɗeja, can ɗaya ƙarshen jihar, zai yi ta jinkiri a kan 'yarsa, kuma ba za a ce tsoronsa ba shi da dalili ba. Yarinyar da ba ta iya faɗin abin da aka yi mata abin a ji mata tsoro ce. Amsar wannan ita ce a kusanto da karatun, a sami aji na musamman a cikin makarantar 'yan mata ta kusa, da malama mace mai jin maganar hannu.

Jihar Jigawa tana da abin da za ta nuna a wannan fage. A shekarar 2007 gwamnatin Alhaji Sule Lamido ta soma biyan naƙasassu alawus na Naira 7,000 kowane wata a ƙananan hukumomi 27 na jihar. Domin a gane nauyin kuɗin a lokacin, mafi ƙarancin albashi na ƙasa bisa dokar shekarar 2000 Naira 5,500 ne. Wannan mataki ya cancanci yabo, kuma ya rufa wa gidaje da yawa asiri. Amma alawus ya fi dacewa da tsoho da wanda lalurarsa ta hana shi kowane irin aiki. Saurayi ɗan shekara goma sha takwas mai sakamakon sakandare a hannu, idan abin da hukuma ta tanadar masa bai wuce sa sunansa cikin jerin masu karɓa ba, to an yi masa ritaya tun bai fara aiki ba. Ga shi kuma darajar kuɗi ba ta tsayawa: mafi ƙarancin albashi ya koma Naira 18,000 a 2011, ya koma 30,000 a 2019, ya kai 70,000 a 2024.

Ta fuskar doka ma an yi nisa. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna musu bambanci. Dokar ta ba su ilmi kyauta har ƙarshen sakandare, ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen gwamnati yadda za su iya shiga, wa'adin da ya cika a Janairun 2024, ta kuma ce ma'aikatun gwamnati su yi iyakar ƙoƙari naƙasassu su kai kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu. An kafa hukumar ƙasa mai kula da wannan a 2020. Kwalejin Kazaure da Jami'ar Babura na tarayya ne, saboda haka dokar ta hau kansu kai tsaye. Sai dai ma'aikacin da ya saba da takardun gwamnati ya san abin da “iyakar ƙoƙari” ke nufi idan babu mai bin sawu. Har ila yau, dokar ta yi maganar makaranta, ta yi maganar aiki, amma ba ta ambaci wanda zai raka yaro daga wannan zuwa wancan ba.

Wasu ƙasashe sun gano wannan giɓi sun toshe shi. A Amurka, tun gyaran dokar ilmin naƙasassu na 1990, wajibi ne makaranta ta rubuta wa kowane ɗalibi mai lalura shirin fitarsa, kuma a yau ana buƙatar shirin ya kasance a ƙasa a lokacin da ya cika shekara 16: me yake so ya zama, wane darasi zai kai shi can, wace hukuma za ta karɓe shi. Ana zama da shi da iyayensa a rubuta. A Ingila, dokar 2014 ta sa irin wannan shiri yana iya bin matashi har shekara 25. Ba a ce a kwafo tsarinsu da tsadarsa ba. Abin ɗauka shi ne takarda ɗaya mai bin yaro, da mutum ɗaya mai amsa tambaya a kanta, wanda dama shi ne aikin da Sarkin Makafi yake yi ba tare da takarda ba.

A ƙasar Kazaure ana iya yin wannan da ma'aikatan da ake da su. Kowace ƙaramar hukuma tana da sashen ilmi da jami'in jin daɗin jama'a, kowane ƙauye yana da dagaci da masu unguwa waɗanda suka san gidan da kurma yake da gidan da gurgu yake fiye da kowace ƙidaya, balle ma rabon ƙasar da ƙidaya tun 2006. Abin da ake bukata shi ne a ɗora wa jami'i guda a Kazaure da Roni da Gwiwa alhakin riƙe rajistar duk ɗalibi mai lalura daga aji uku na ƙaramar sakandare, ko a ina yake karatu, ko Haɗeja ko Dutse ko Kano. A wannan aji ne hanya ke rabuwa, ko babbar sakandare ko makarantar sana'a, kuma a nan ya kamata a zauna da yaron da iyayensa. Kowace shekara, kafin a rufe rajistar jarrabawa, jami'in ya aika wa manyan makarantun yankin sunayen masu zuwa da abin da kowannensu ke buƙata. Sarakunan makafi da na guragu da shugabannin ƙungiyoyin kurame su kasance a wurin zaman, domin iyaye sun fi jin maganarsu.

Ba kowa ne zai je kwaleji ba, kuma babu aibi a cikin haka. A Kano, ƙungiyar waɗanda shan inna ta taɓa, ƙarƙashin Malam Aminu Ahmad Tudun Wada, ta daɗe tana koya wa guragu walda suna ƙera kekunan da 'yan'uwansu ke hawa. Irin wannan koyo a gaban ubangida shi ne hanyar da ta fi ɗaukar mutane a ƙasar Hausa har gobe. Gyaran da yake so kaɗan ne: a taimaka wa mai gareji ko tela da kayan aiki idan ya karɓi almajiri mai lalura, a kuma kai almajirin ya yi gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago, domin ya fito da takardar da za ta ba shi damar neman aikin gwamnati ko kwangilar kujerun makaranta.

Ga wanda ya shiga kwaleji kuwa, wuri mafi muhimmanci shi ne lokacin koyon aiki a ma'aikatu. Tun shekarun 1970 Asusun Horar da Ma'aikata na ITF ke tafiyar da shirin tura ɗalibai wuraren aiki na 'yan watanni, kuma mai ƙaramar difloma yakan yi shekara guda yana aiki kafin ya koma babbar difloma. A al'ada ɗalibi ne ke yawo da wasiƙa yana neman inda za a karɓe shi. Ɗalibi mai gani da ji ma yana shan wuya, balle wanda tun daga bakin ƙofa maigadi zai miƙa masa sadaka ya ce Allah ya ba da haƙuri. Nan ne ofishin kwalejin ya kamata ya nema masa wuri da kansa, ya rubuta, ya bi da ƙafa. Shugaban ma'aikatar da ya ga kurma ya gyara masa injin ba da wuta, ko ya ga makauniya ta buga masa rahoto babu kuskure har wata huɗu, ba ya buƙatar a karanta masa doka ranar da gurbi ya samu.

Ma'aikatan da ke wannan zaure su ne masu tsara jerin sunaye idan an zo ɗaukar aiki, ɗaliban kuma su ne za su gaje su. Kashi 5 cikin 100 yana nufin mutum ɗaya cikin kowane ashirin. Idan ƙaramar hukuma za ta ɗauki malaman firamare sittin, gurbi uku ke nan. Idan asibiti zai ɗauki masu riƙe kati da akawu ashirin, gurbi ɗaya. Uzurin da aka saba bayarwa shi ne ba a sami wanda ya cancanta ba. Ranar da jami'in Roni ko na Gwiwa ya iya buɗe rajistarsa a gaban kwamitin ɗaukar aiki, ya nuna sunan mai takardar malanta da mai difloma da shekarar da kowannensu ya gama, sai kwamitin ya rubuta dalilinsa na ƙin ɗaukarsu a cikin fayil, ya sa hannu.